Zube a Kumatun Mota

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ni ba marubuci ba ne, karatuna bai wuce firamare ba, kuma Allah ya yi ni da tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba. Duk lokacin da na cika shafi sai in koma in karanta, in ce anya nan ban ƙara ba, anya can ban ɗauki alhakin wani ba, sai in yage. Abin da ya sa na daure wannan karon zai zo a ƙarshe. Amma bari in sauke nauyin tun yanzu: na bar gida tare da mijin yayata, na dawo ni kaɗai, kuma har yau ba wanda ya iya gaya mata ko matar aure ce ita ko mai takaba.

Sunana Labbo, a Ƙaura Namoda aka haife ni. Yayata Hajo ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu. Mijinta Arzika wanzami ne, mutumin Galadi ta ƙasar Shinkafi, dogo, bahago, bakinsa ba ya hutawa da barkwanci. Yana da zube irin na Zamfarawa, siraran layuka daga gefen ido zuwa bakin leɓe a kumatu biyu, da bille guda a gefen hanci. Ni fuskata wayam take, mahaifinmu bai yarda a yi mana tsaga ba. Akawu yake kirana saboda na yi makaranta, ni kuma ina ce masa ɓarawon yayata.

Lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato. Damina ta yi ta gardama, jirgin ƙasa ya rage zuwa Ƙaura, sana'ar Arzika kuma tana mutuwa a hannunsa. Samari sun koma wurin masu injin aski, kaciya ta koma asibiti, iyaye sun daina kiran wanzami ya yi wa jariri tsaga. Da ya ce zai nemi Makka ta ƙasa, Hajo ba ta hana shi ba, sai ta ce in bi shi.

"Labbo, kai ad da hankali, wanzan baki garai. Ka riƙe min shi. In za ku dawo, ku dawo tare."

Wanzan take ce masa. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Mutumin farko da ya cuce mu ɗan ƙasarmu ne, dillalin da ya ce zai kai mu har bakin teku. A Abeshe ta ƙasar Chadi ya karɓi fasfunanmu, ya ce zai kai a buga hatimi, mu jira shi a gindin wata bishiya. Na yi ta kallon hanyar da ya bi har idona ya fara ruwa.

Arzika ya ce, "Akawu, da kallo na maido mutum, da ka maido shi tun jiya. Tashi ka riƙe min madubi."

Ya buɗe zabirarsa, wato jakar wanzanci da ya gada daga mahaifinsa, ya fara yi wa fatake aski. Da askar nan muka ci abinci, da ita muka hau babbar mota zuwa Sudan. A cikin motar akwai wani dattijo mai tari. Fasinjoji suka yi ta ƙorafi, direba ya tsaya a wani fili da ba gida ba rijiya, yaran mota suka sauke shi da ƙunshinsa. Bai roƙe su ba. Ya zauna a ƙasa yana kallonmu har muka ɓace masa. Ban tambayi sunansa ba, kuma ban san dalilin da ya sa wannan ya fi komai damuna ba.

A Sudan muka yi kaka guda muna tsinkar auduga a gonar wani mutum da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, sai mai gadinsa da bulalar fatar raƙumi. Zazzaɓi ya kama ni. Ranar da na kasa cika buhu, mai gadin ya zazzage ɗan abin da na tara a ƙasa, ya sa na sake tsincewa da gwiwoyi. Da aka gama aiki aka kore mu, aka ce abincin da muka ci shi ne ladanmu.

Muna tafe a ƙasa muka shiga wani ƙauye na jikokin mutanenmu da suka taso aikin Hajji tun zamanin da, suka maƙale a hanya. Wata tsohuwa tana tankaɗe a ƙofar gida. Ta ɗaga kai, ta ajiye rariya.

"Kai, dogo, zo nan. Wa yay yi maka zuben ga?"

"Kakana, Inna, can Galadi."

"Galadi ta Shinkahi?" Ta miƙa hannu tana bin layukan da yatsa kamar mai karatu. "Uwata 'yar Zurmi ta. Irin wanga zube ag gare ta. Ban sake ganin shi ba tun da munka ruhe ta."

Ta shigar da mu, ta yi mana tuwo da miyar kuka, ta dafa mini saiwa na sha. Sai da na fara ci ta dube ni sosai.

"Wanga hwa, mai huska kamar ƙwai?"

Arzika ya ce, "Bawana na, Inna, kan hanya nis saye shi. Ci garai, ba ya aiki."

Ta yi dariya har ta share hawaye. Da muka bar garin Arzika ya daki kafaɗata.

"Ka gani, Akawu? Taka takardar makaranta tana aljihu, gumi na cin ta. Tawa ko kakana yar rubuta ta inda ba a sacewa. Dalilin tsaga ke nan. Ko ina yaro yaɓ ɓace, a gane gidansu."

Na riƙe wannan magana saboda abin da ta jawo daga baya.

Teku kuwa ba na son tuna ta. Jirgin katako ne, an cusa mu a ciki kamar awaki. Gari na wayewa mai jirgin ya nuna wani farin layi a nesa ya ce ga ƙasa, kowa ya sauka. Wanda ya yi gardama aka tura shi da sanda. Ruwan ya kai mini haɓa, duwatsun ƙasa suna yanka tafin ƙafa kamar kwalba. Arzika ya ɗora zabira a ka da hannun hagu, ya cafki wuyan rigata da na dama.

"Yayarka tac ce ka riƙe ni. To ga shi ni ka riƙon ka. In munka koma sai na kai ƙara."

Ba duk wanda ya sauka ne ya taka tudu ba.

A Jidda ba mu da takardar zama, saboda haka duk motar askarawa, wato 'yan sandan can, da muka hango sai mu shige lungu. Muna wankin mota, Arzika yana aski a bayan wani masallaci. A nan wani baƙin mutum mai kaurin gemu, cikin farar jallabiya, ya tsaya yana kallon hannunsa. Ya ce sunansa Abu Nayif, shi ne mai kula da ma'aikatan wani shago, yana neman mai hannu irin wannan. Arzika ya ce ba ya zuwa sai da bawansa.

Shagon na kayan wasa ne, mai shi wani Balarabe da kowa ke kira Mudir. Mu a baya aka ajiye mu, cikin ɗaki marar taga da ake kullewa ta waje. Nan muke aiki, nan muke kwana.

Sai na yi bayanin aikin, don in ba a gane shi ba, ba za a gane abin da ya faru ba. Motoci ne 'yan ƙanana, tsawonsu bai wuce kamu guda ba, amma da injinsu da tayoyinsu. Mai ita yana tsaye nesa da wani akwati mai eriya a hannu, yana murɗawa, ita kuma tana gudu kamar zomon da aka koro. Ba yara ke wasa da su ba. Samari ne da magidanta, 'ya'yan manyan gidaje, suna tsere da su a wani fili ranar Juma'a bayan la'asar.

Bodin motar shi ne aikinmu, mu ɓawo muke ce masa. Yana zuwa cikin kwali, an jera wani cikin wani kamar ƙorai. Roba ce siririya, garau kamar gilashi, da rara kewaye da gindinta kamar bakin faifai. Sai mu cire rarar, mu buɗe mazaunin tayoyi, mu huda ramukan da zai zauna kan mota da na eriya, mu goge baki da samfefa. Akwai 'yar leda a bayansa da ba a ɓarewa, domin ta ciki ake fesa fenti, launi ya fito ta waje yana ƙyalli. Mai fentin wani Bafilifine ne, mutumin ƙasar Filifin, sunansa Noli, gajere mai yawan shiru. Shi ya koya mana da guntun Larabcinsa da nuni.

Ya ce ba a yanka robar nan, layi ake yi mata. Ka ɗora reza, ka ja sau ɗaya ba da ƙarfi ba, ka lanƙwasa, sai ta ɓalle ƙas da kanta daidai inda reza ta bi. Ya ɗaga yatsa ya ƙara da cewa, "Inda reza ta taɓa, nan za ta karye. Yau ko gobe."

Ni kuwa aikin ya ƙi hannuna. Ina tsoron kada layin bai kama ba, sai in koma in sake ja, reza ta kauce, mazaunin taya ya fito kamar ɓera ya ci. Abu Nayif yana da rula ta ƙarfe, da gefenta yake dukan gaɓoɓin yatsu. Ɓawon da ka ɓata kuma sai ya zura masa igiya ya rataya maka a wuya, ka yini da shi, ba abincin rana. Na yini da uku a wuya suna ƙwanƙwasar juna duk na motsa, masu sayayya suna leƙowa suna dariya. Noli yakan bar rabin shinkafarsa a bayan gwangwanin fenti, ya fita ba ya dubana.

Arzika kuwa tun ɓawo na biyu ya yi tsaki ya ajiye reza.

"Wanga ai tsagar jarirai ta! Hannu sama-sama, sau guda, kak ka koma."

Ya fito da 'yar askar tsaga daga zabira. Da ita yake zagaye mazaunin taya a ja ɗaya, ya lanƙwasa, ya fito sumul ba ya buƙatar samfefa. Ba a daɗe ba masu tsere suka fara cewa na dogon nan suke so. Mudir ya ji daɗi, amma ƙofa ba ta daina kulluwa ba.

Wata rana Mudir ba ya nan, Abu Nayif ya zauna ya ce Arzika ya gyara masa gemu. Ina gefe ina huda rami. Sai na ji Arzika ya ce, "A'a! Ashe ɗan gida na."

Ƙarƙashin gemun akwai zube. Mutumin da bai taɓa yi mana Hausa ba ya damƙe hannun Arzika, ya yi magana da harshen gida tsaf.

"Sunana Tunau, Gurbin Bore anka haihe ni, ina ƙarami anka zo da ni. Nan ba wanda yas sani. In kah hwaɗi, ku kwana hannun askarawa, kai da ƙanen matarka."

Arzika ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri. Ɗaga haɓa."

Bayan wannan ne barkwancinsa ya fara raguwa. Yakan zauna yana wasa aska a tafin hannu. Ya daina tambayar yaushe za a bar mu mu je Makka, ga ta kusa amma kamar tana bayan tekun da muka ƙetare. Wata safiya na ga ya juyo da ɓawo yana fuskantarsa.

"Akawu, duba nan. Ga ido," ya nuna fitilu. "Ga baki. Ga kumatu. Ɗiya na, ba su da gida."

Ya juya shi, ya sa aska ta ciki, bayan fitila, ya ja 'yan layuka siraru kamar gashi. Ya yi a ɗaya kuncin. Ya ƙara bille.

Na ce, "Yaya, don Allah bari. Ka ji abin da Noli ya ce. Inda reza ta taɓa..."

"Reza yac ce. Wagga aska ta. Na yi ma jarirai da ba su ƙirguwa, ko guda kuncinai bai ɓalle ba."

"Jariri yana warkewa, Yaya. Roba ba ta warkewa."

Ya dube ni, na ɗauka zai yi fushi, sai ya yi murmushi. "Fenti na ruhewa, ba mai gani. Amma wata rana wani Bazamfare ya ɗauki guda ya duba, ya san namu ya ratsa nan. Kai ba ka san wanga ciwo ba, huskarka ba ta da gari."

Na roƙe shi da sunan Hajo. Ya bari na ɗan lokaci, ya koma. Na gwada gogewa da samfefa, wurin ya yi fari ya fi fitowa. Noli ya gani, ya girgiza kai, ya riƙa ƙara kaurin fenti a kumatun. Ni dai kowace Juma'a in an yi la'asar sai in zauna ina kallon ƙofa.

Wata Asabar da hantsi aka buɗe ƙofa da ƙarfi. Mudir ne da Abu Nayif da wani saurayi ɗan babban gida, fuskarsa ja wur. A tseren jiya motarsa tana gaba, ta ɗan goga shinge, gugar da ba ta isa ta yi komai ba, sai gaban ɓawon ya dare biyu ya shige ƙarƙashin taya, motar ta tuntsura a gaban abokansa. Kuma ba tasa kaɗai ba. Ya zo da waɗansu guda biyu, duk daga kunci suka tsage.

Mudir ya ɗaga guntun ya saita shi da fitila. Layukan suka fito. Ya sa aka buɗe kwalayen da muka gama. Duk wanda aka ɗaga, ga su nan. Sai ya juya a hankali ya dubi fuskar Arzika, ya dubi robar, ya sake duban fuskar. Saurayin ya ja da baya ya ce, "Sihiri."

Aka zazzage zabira a ƙasa. Ƙahonin ƙaho suka gangara, da asake, da ƙullin garin magani na tsayar da jini, da layar da mahaifinsa ya ɗinke a bakin jakar. Kayan da kowane wanzami ke yawo da su daga Ƙaura har Zurmi, a ɗakin nan sun zama shaida.

Arzika bai iya Larabci sosai ba. Ya dubi Abu Nayif.

"Tunau, hwaɗa musu. Ka san ko mine ne. Alamar gida ta, ba wani abu ba."

Abu Nayif ya kau da kai.

"Tunau, don darajar uwar da tag goyo ka har nan. Ɗaga gemunka su gani, magana ta ƙare."

Mudir ya tambayi Abu Nayif me Arzika yake cewa. Na ji amsar da kunnena, kuma na juya ta a raina shekara da shekaru don kada in yi masa ƙarya. Cewa ya yi da Larabci, "Ban san yarensu sosai ba. Amma na ji ana cewa haka matsafan ƙasarsu ke sa wa abu hannu."

Na fara bayani da ɗan Larabcina, na ce wallahi al'ada ce, jarirai ake yi wa. Kalmar jarirai ta ƙara ɓata abin. Saurayin ya mare ni. Arzika ya yunƙura, ya sake kiran sunan Tunau da ƙarfi, sai Abu Nayif ya ɗaga rular ƙarfen ya sauke masa gefenta a kuncin hagu. Fatar ta dare, ta ratsa zuben tun daga kunne har kusa da baki. Noli ya tsaya tsakaninsu da hannuwa a sama, aka hankaɗe shi cikin gwangwanayen fenti.

Da askarawa suka zo, suka dubi fuskata, ba komai, suka ce wannan na masu shigowa ba takarda ne. Suka dubi ta Arzika, suka kwashe zabira da ɓawo guda, suka ce wannan nasa daban ne. Motoci biyu ne a waje, ɗaya tawa, ta biyun tasa. Na kama wuyan hannunsa da hannuwana biyu. Ba jarunta ba ce, maganar Hajo ce kawai ke kaina. Aka ce in saki, ban saki ba. Aka fara dukan yatsuna da kulki.

Jini na zuba a rigarsa ya ce, "Akawu, sake ni, za su karya ka."

"Ta ce in riƙe ka."

"Ka riƙe, na shaida. Sake. Ka ce ma yayarka aski nit tahi yi, ina dawowa."

Haka yake ce mata kullum in zai fita da safe. Ban saki ba, yatsana ne ya karye. Har yau a karkace yake.

A gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu na tambayi duk wanda aka shigo da shi. Wani ya ce masu irin wannan tuhuma ba a jin labarinsu. Wani ya ce ana yi musu bulala a sake su. Wani ya ce in yi shiru kada a haɗa da ni. Daga nan aka sa mu a jirgin sama zuwa Kano. Ban ga Makka ba.

Da na shiga gida Hajo tana daka. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta ci gaba da duban zaure.

"Ina kab baro shi?"

Na gaya mata duka, na nuna mata yatsa, na isar da saƙonsa. Ta ɗauki taɓarya. Kafin ta ci gaba da daka ta ce, "Yatsa guda." Ta daɗe ba ta yi mini magana ba bayan gaisuwa, kuma ban ga laifinta ba.

Shekaru suka wuce. Duk alhajin da zai tafi sai na bi shi da roƙo, duk wanda aka koro sai na je masa sannu da zuwa. Ba labari. Kawunnanmu suka matsa a je wurin alƙali a raba auren, ta yi idda ta huta. Ta ƙi, ta ƙi, har ta gaji. A shekarar da aka ba mu jihar Zamfara ta ce to, a bari azumi ya wuce a je.

Ana cikin haka na je kasuwar Shinkafi. A shimfiɗar wani mai kayan gwanjo, tsakanin tsofaffin rediyo da takalma, na hango ɓawo. Ja ne, ya sha duka, ba mota a ƙarƙashinsa. Na matsa kusa. Na ɗauka na juya. Ƙirar motar sabuwa ce, ba mu taɓa yanka irinta ba a zamaninmu. A kumatu biyu, bayan fitilu, ga zube, ga bille. Amma ba da aska aka yi su ba. Da farin fenti aka ja su, siraru kamar gashi, ta ciki, kafin a fesa jan. Robar ba ta tsage ba ko kaɗan a wurin.

Mai kayan ya ce cikin buhu ya saya a Kano, daga kayan da ake kwasowa daga Jidda. Iyakar abin da ya sani ke nan.

Na kawo wa Hajo. Ta shafa bakin mazaunin taya da babban yatsa, ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Hannunshi na." Ta aika wa kawunnanmu cewa ta fasa.

Ni kuwa ga abin da ke hana ni sukuni. Yankan sumul ne, ja ɗaya, irin nasa. Amma Noli ma ya iya yanka, kuma fenti sana'arsa ce, ya ga zuben nan sau da yawa, yana iya yiwuwa shi ke zana shi don tunawa da mutumin da aka fitar a gabansa. Billen yana gefen da bahago zai sa shi, amma abin da aka zana ta ciki juyewa yake in an duba ta waje, na auna a madubi har kaina ya yi ciwo ban tsayar da magana ba. Kawunnanmu sun ce na ɗaure yayata da guntun roba. Wataƙila gaskiyarsu ne. Wataƙila kuma yana can cikin wani ɗaki marar taga, ya ji maganata a ƙarshe, ya ajiye aska ya ɗauki burushi, yana aiko da saƙo ta hanyar da ya sani.

Shi ya sa na rubuta. Ina roƙon alhazai, da mazauna can, da waɗanda aka koro, da masu saro kayan gwanjo. Duk wanda ya taɓa ganin dogon Bazamfare bahago, mai tabon da ya ratsa zuben kuncin hagu, a kurkuku ko a shago ko a wurin jana'iza. Duk wanda ya ga motar wasa mai zube a kumatu, ya san shagon da ta fito. Duk wanda ya san inda wani Bafilifine mai fenti da ake kira Noli yake. A zo bakin tashar jirgi ta Ƙaura a tambayi Labbo mai karkataccen yatsa. Tunau na Gurbin Bore, in an karanta maka wannan, ba ƙararka nake yi ba, kuma ba zan gaya wa kowa abin da ke ƙarƙashin gemunka a can ba. Ka faɗa mana inda mota ta biyu, wadda ta ɗauke shi, ta nufa.

Hajo ta ce in rubuta sunansa ƙarara, tunda ita bakinta ba ya faɗa: Arzika wanzami, na Galadi. Ta kuma ce kada wanda ya san mummunan labari ya ɓoye don tausayi. Ko mutuwa ce a kawo mata. Ta ce takaba ta fi wannan zama sauƙi, domin ita tana da ranar fita.